Albasa a Namanga

Ƙarfe biyun dare a Arusha.
Dutsen Meru ya ja gajimare ya lulluɓa,
ni kuwa ina zaune da babi na huɗu
kamar mai jinyar da ba a ba ta tabarma ba.

Yarjejeniya ta ce kaya su wuce,
mutum ya wuce, sana'arsa ta bi shi.
Shekara uku ina bin sawun kalmar nan "wuce"
daga hukunci zuwa hukunci,
har na san inda alƙalai suka yi tari,
da inda suka haɗiye sauran magana.

Farfesa Lyimo ya zana mini da jan biro:
"Naserian, in dokar ƙasa ta yi karo da ta ƙungiya,
wace ce za ta sauka daga hanya?"
Na ba shi shafi arba'in.
Ya ce saura hujja.

Sai waya ta yi ƙara.
Baba ne, daga Namanga,
kwanansa uku a ƙarƙashin mota,
buhu ɗari da sittin na albasar Mang'ola a bisa kansa.
Takarda ta cika, in ji shi, hatimi ɗaya ya rage,
mai hatimin kuma ya ce na'ura ta ɗauke.

"Ta fara tsiro, 'yata."
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Kore shar, ta huda buhu ta leƙo.
Ita kaɗai ce a layin nan
ba ta jira izinin kowa ba."

Na dubi kundin da ke gabana,
ruwa ne garai-garai, kowace aya tas.
Na tuna shingen ƙarfe da ƙudan rana.
Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Shanun kakata sun sha a can, sun kwana a nan,
tun ba a haifi mai zana layin ba.
Yau ga jikarta tana ƙona fitila
don ta tabbatar wa masana
cewa hanya hanya ce.

Ya ce, "Littafin naki zai ɗaga shingen?"
Na ce, "Ba bana ba, Baba."
Ya ce, "To, rubuta. Amma ki sa sauri."
An ce sannu ba ta hana zuwa;
wanda ya faɗa bai ɗauko albasa ba.

A ƙasan shafi, inda ake jera manyan sunaye
da shekara da lambar shari'a,
na ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe:
A duba Lomayani Laizer, direba,
Namanga, dare na uku.

Gobe jan biro zai hau kansa, na sani.
Na bar shi.
Na tashi na ɗora shayi,
idona yana yaji
ba tare da na yanka komai ba.