Ƙidayar Bariso a Tsaunin Bale

Kafin rana ta leƙo tudun Sanetti
raɓa ta daskare, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.
Bariso ya hura tafin hannunsa,
ya zaro ɗan littafin da damina ta cinye wa gefe.

Dinya mai shuɗin fiffike, goma sha ɗaya,
a bakin tafkin da bai fi masussuka faɗi ba.
Ko gezau ba su yi.
Sun san rigar nan mai ruwan ƙasa,
sun san tarin da yake fama da shi tun bara.

Can inda dutse ya wage baki
ungulu mai gemu ta ɗauki ƙashi ta lula,
ta sake shi, ya faɗo ya tarwatse,
sannan ta sauko shan ɓargo ba gaggawa.
Wasu haƙuri suke yi su dafa dutse,
ita dutsen ne ke yi mata girki.

Hankaka mai kaurin baki na biye da shi
saboda ɓarɓashin gurasar sha'ir.
Wannan ba ya shiga lissafi, ya zama ɗan gida.

Idan ka gangara kurmin Harenna
gajimare ne ke kwana a kan rassa,
gansakuka ta yi wa itatuwa gemu,
amya na lilo inda tsani ba ya kaiwa.
A can ba ido ke ƙirga tsuntsu ba, kunne ne.

Amma fadamar nan ta sama ce ke hana shi barci.
Shekara shida yana rubuta gauraka biyu,
masu farin wuya, masu takun amarya.
Yau ɗaya ce tsaye,
ƙafa guda a ruwa, kai na duban gabas.

A cikin laka ga sawun shanu, sabo fil.
Ya durƙusa. Ya gane kofaton da ya karkace:
saniyar ƙanensa Gamada ce.
Nan ubansu ya yi kiwo
tun ba a kafa allon da ya ce an hana ba.

Ya jira har inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.
Iska ta kaɗa ciyawa, ba abin da ya fito.

Sai ya rubuta ɗaya,
ya bar fili kaɗan a gefenta.

Da daddare zai sha gahawa a bukkar Gamada.
Yara za su ba shi madara mai ɗumi,
ta saniyar nan,
zai kuwa karɓa da hannu biyu.