Baƙaƙen Tagogi

A El Alto sanyi kan riga rana tashi.
Na lulluɓa da bargo, na kunna kwamfuta,
tagogi talatin da biyu suka jeru a gabana,
huɗu kaɗai ke da fuska.
Sauran baƙi ƙirin, suna a ƙasa,
kamar shagunan da masu su suka yi tafiya.

Na ce, "Kuna ji na?"
Shiru. Can wani ya turo hoton babban yatsa.

Shekara ashirin da uku alli na cin hannuna.
Na san hamma tun ba ta iso baki ba,
na san yadda kujera ke ƙara idan lissafi ya shiga kai.
Yau ga ni ina yi wa madubi darasi.

Ita manhaja ba ta gyangyaɗi, komai ƙirga shi take.
Wilmer ya danna sau tamanin, ta ba shi tauraro,
alhali ƙanensa ne ke wasa da wayar,
shi yana can yana sharar barci.
Nayra Condori kuwa jan layi ta samu:
kashi goma sha ɗaya, wai hankalinta ba ya aji.

Ranar Laraba muna haɗa sulusi da rubu'i
sai makirufonta ya buɗe bisa kuskure.
Kasuwa ta kwararo cikin ɗakina:
yaran mota na kiran Ceja, Ceja,
mai na tsartsatsi a kasko,
wani na taya dankali kamar zai yi kuka,
uwa na cewa, "Ba shi canjinsa mana!"
A ƙarƙashin duk wannan, ƙasa-ƙasa,
wata murya tana magana da kanta:
"Bakwai... bakwai bisa goma sha biyu."

Ni ko tambayar ban gama rubutawa ba.

Ta ankara, ta kashe.
Tagar ta koma yadda take.

Da dare manhaja ta tambaye ni
ko a aika wa iyayenta gargaɗi. E ko a'a.
Na daɗe ina kallon farin kan Illimani
kafin na danna.

Asabar na hau mota zuwa Ceja.
Ban san fuskarta ba.
Layi-layi na bi masu dankali ina tayawa,
ba saye ya kawo ni ba,
so nake a ƙirga min canji da baki,
ko zan gane muryar.