Kashi Saba'in da Uku

Shekara shida ina ce mata gobe.
Kullum sai ta leƙo daga kusurwar allo,
'yar sanarwar nan mai nacin mai bin bashi:
ga sabuwar babbar manhaja, a saka?
Ni kuwa na san halin tsohuwar kwamfutata.
Abin da ke tafiya lafiya
ba a kwance masa ciki don a ga dalili.

Amma jiya Fermín ya hawo tudunmu,
matakala ɗari da sha huɗu, yana haki,
fayil ɗin kiɗansa ya ƙi buɗuwa a wurina.
Ya ce, Baltasar, zamani ya bar ka a tasha.
Ya shanye mini kofi, ya gangara.

Sai na kwafe komai a rumbu biyu,
ɗaya a aljihun tebur,
ɗaya a tukunyar da na daina girki da ita.
Na rufe ido, na danna.

Valparaíso ta kwanta a ƙasan tagata,
gidaje a kan gidaje, kowa ya taka kan wani.
Can a bakin teku wani jirgi yana nishi.
Sandar da ke allo tana rarrafe,
sha tara, talatin, arba'in da ɗaya,
a saba'in da uku ta toge.
Saura minti biyu, in ji ta,
har ƙarfe ukun dare saura minti biyu ne.

Da ta farka ban gane ta ba.
Fuska fes, haruffa sirara,
ta gaishe ni kamar ba mu taɓa kwana tare ba.

Na buɗe waƙar Doña Eulogia.
Hunturu uku ke nan da muka kai ta makwanci,
ni kuma ban gama haɗa waƙar ba,
kullum ina ƙara mata gishiri.
'Yar manhajar amsa-kuwwa da na lulluɓe muryarta da ita,
wadda wasu 'yan'uwa biyu suka ƙera
kafin su rufe kamfani su koma sayar da keke,
ita ce aka ce ba a san ta ba.
Gurbinta fanko, da jan layi.

Na kunna a haka.

Ga ta nan, ba mayafi.
Na ji haƙoranta na roba suna ƙwas a kan kalma,
na ji kujerar kicin ɗina tana ƙara,
karen maƙwabta, da igiyar keken hawa tudu
tana gurzar ƙarfe a bayan baiti na biyu.
Na ji yadda take tara numfashi
kamar mai tattara canji kafin ta shiga kanti,
sannan ta hau muryar nan ta sama,
ta yi rawa, ta kusa faɗuwa, ba ta faɗi ba.
A ƙarshe, inda kuwwa ta saba haɗiye komai,
ta ce, ya isa haka? Ƙafata ta yi sanyi.

Shekara uku na ajiye ta a majami'ar da na ƙirƙira,
mai dogon rufi, mai sanyin dutse,
alhali a gefen murhuna ta rera,
da bargo a gwiwa.

Tukunya tana nan a kan kanta.
In na so, kafin azahar na koma jiya,
da amsa-kuwwata, da komai.

Gari ya waye, tsuntsayen teku sun fara faɗa.
Lasifikar hagu ta ƙi magana,
sai na nemo mata wani abu a intanet.
Fayil ɗin Fermín ya buɗe lafiya lau,
kiɗan ma ba wani daɗi.

Na ɗora ruwan zafi,
na jawo kujerar nan kusa da lasifikar dama,
na mayar da waƙar farko.