Rabin Dala Kowane Shafi

Awa huɗu ina tuƙi cikin gonakin masara,
Nebraska a shimfiɗe kamar tabarmar da ba ta da baki,
sai tankin ruwa, sai coci, sai kotun gunduma
mai jan bulo, agogonta ya tsaya tun ban san yaushe ba.

Na zo neman shekara biyu da suka ɓace a gidanmu.
"Babanki yana aikin layin dogo," haka uwata ke cewa,
ta juya ta ci gaba da wanke kwanon da ya riga ya fita.

Magatakardar kotu, Misis Ostrander,
tabarau rataye a wuya da siririyar sarƙa,
ta taɓa kwamfuta sau uku, ta girgiza kai:
"Na'urar nan ba ta san komai ba kafin tamanin da biyar.
Duk wanda ya riga nan yin laifi, yana ƙasa."
Ta nuna daɓen da muke tsaye a kai.

Na cike fam. Sunan wanda ake nema: Anton Vasek.
Na fara rubuta cewa ni 'yarsa ce,
ta ce ba sai na faɗa ba,
takarda ta jama'a ce, ko mai wucewa zai iya gani.
Nan ne ya yi mini zafi.
Abin da aka rufe mini shekara hamsin
yana nan a buɗe ga duk mai rabin dala.

Matakala goma sha huɗu. Warin lema da tsohuwar fata.
Ambaliyar wata shekara ta ja layi a jikin kundaye.
Ƙasan layin tawada ta narke ta zama hadari,
saman layin kowa na nan da abinsa:
mai tuƙi a buge, mai fasa tagar mashaya,
mai cek ɗin da babu ko sisi a bayansa,
wata da ta harbe karen maƙwabci ranar Lahadi.
Na bi su da yatsa
kamar mai neman kabari ɗaya a cikin dubu.

Da ƙyar ya sha, yatsa biyu sama da ruwan.
Vasek, Anton. Saba'in da huɗu, watan Maris.
Satar maruƙa shida cikin dare
daga garken Vasek, Emil.

Baffa Emil.
Wanda ya biya mini kuɗin makaranta.
Wanda ke yanka talotalo a teburinmu duk ƙarshen shekara,
babana a gefe, shiru, yana miƙa masa wuƙa.

Shafi na tara, bayanin wanda ake tuhuma, layi ɗaya tak:
"Iyayensu shanun mahaifinmu ne, kuma ba a raba gado ba."
Alƙali bai tsaya a kansa ba.

Shafi na sha ɗaya ba na kotu ba ne.
Takardar awon hatsi ce, an rubuta bayanta da fensir,
Emil na roƙo a janye ƙara,
ya ce fushi ne, ya ce jini ɗaya ne.
A kusurwa ga hatimi mai shuɗi:
ta iso kwana uku bayan hukunci.

Injin kwafi na nishi, yana tofo su ɗaya ɗaya.
Dala biyar da rabi. Ba sa karɓar kati.
Ina lalube a jaka ta ce, ba ta ɗago ba:
"Wani dattijo ya taɓa zuwa, ina sabuwa a aikin nan,
da hula a hannu, wai a ba shi wasiƙarsa.
Na ce abin da ya shiga fayil ba ya fita.
Ya ce to a bar shi ya ga ranar da ke kan hatimin.
Ya daɗe yana kallo."

A waje iska na kaɗa tuta, wata babbar motar shanu ta wuce.
Su biyun suna kwance mil shida daga nan, layi ɗaya,
uwata a tsakaninsu.
Na ɗora takardun a kujerar gefe.
Da ɗuminsu har yanzu,
kamar wani ne ya tashi daga wurin.