Rumbun Saturnina

A tsaunukan Andes, inda numfashi ke tsada,
inda gajimare ke wucewa ta ƙarƙashin ƙafa,
Saturnina Huallpa ta riga zakara tashi,
ta ja jikanta Nazario kan dutse, sanyi na yankan kunne.

"Dubi Kaza da 'ya'yanta," in ji ta.
"Bana idon 'yan tsakin ya yi dishi-dishi.
Ruwa zai makara. Kada wanda ya yi gaggawar binne iri."
Yaro ya zaro waya don jin ta bakin birni.
Waya ta yi gum. Tsohuwa ta yi dariya da haƙoranta uku.

Dankali iri ɗari da sha bakwai ke rumbunta,
kowanne da sunan yanka:
baƙi wuluk, ja mai zane,
mai ɗaci wanda sai sanyi ya daskarar da shi dare uku,
a tattake da ƙafa, ya bushe, ya jira shekarar yunwa.
Har da mai ƙulu-ƙulu, Sa-amarya-kuka,
wanda wuƙa ke rasa ta inda za ta fara.

Wata shekara mota ta hawo da iri guda,
fari, sumul, mai cika buhu.
Rabin ƙauye suka karɓa. Wa zai ga laifinsu?
Kuɗin makaranta ba ya jiran kaka.
Shekara biyu aka sha daɗi.
A ta uku ƙanƙara ta sauka a watan da ba nata ba,
tsutsa ta hau tudun da uwarta ba ta taɓa hawa ba,
farin iri ya kwanta gaba ɗaya, kamar an yi masa tsawa.

Ba wanda ya ce, "Ai na faɗa."
Barguna aka shimfiɗa a dandali,
kowane gida ya juye abin da ya rage a ƙasan tukunya.
Suka raba gangare: mai jure sanyi ya ƙara hawa sama,
fadamar kan tudu a hutar da ita daga kofato,
ciyawar bakin kunya a bar wa kwaɗi da tsuntsu.

Nazario na rubuta sunaye a littafi.
"Rubuta," in ji ta, "amma takarda ba ta tsiro."

Ɗaya ne bai zo dandali ba:
shuɗin nan na mahaifiyarta.
Ta laluba rumbu har ƙasa. Wayam.
Kwana biyu ba ta ce uffan ba.

Ran kasuwa sai ga wata daga bayan dutse,
Eulogia, ta kwance bakin mayafi:
guda bakwai, shuɗi kamar tsohon rini.
"Ranar aurena uwarki ta ba ni.
Shekara arba'in ina ciyar da shi."

Saturnina ta ɗauki huɗu.
Ukun ta mayar cikin mayafin,
ta ƙulle da hannunta.