Abin da Birni Ya Zubar

Da asuba nakan ɗaga ƙyauren gora,
baƙin ruwan Kolkata ya kwararo tafkina,
wankin miliyoyin mutane,
da abin da ba a faɗa ana cin abinci.

Ba ni da inji. Rana ce 'yar ƙwadagona.
Mu yi haƙuri ni da ita, baƙi ya koma kore,
kore ya shige cikin kifi,
kifi ya hau keken Nitai zuwa kasuwa,
birni ya sayi abin da ya zubar,
har yana neman ragi.

Haka kakana Gobardhan ya yi.
Ba wanda ya taɓa ce masa sannu da wanke gari,
matsawa dai ake yi in ya shiga jirgin ƙasa.

Yanzu benayen gilashi sun jeru a bakin ruwa
kamar balbelu masu jiran kifi ya yi sakaci.
Tafkin maƙwabcina dare ɗaya aka cike shi,
tifa arba'in ta ɓaraguzai.
Gari na wayewa sai ga allo:
Gidaje Masu Kallon Ruwa.
Wane ruwa? Nawa ke nan.

In na buɗe baki zan zage su, sai harshe ya yi nauyi.
Tapoti, autata, tana hawa na sha huɗu,
tana amsa wayar mutanen ƙetare.
Albashinta ya cire wa uwarta yanar ido,
shi ya sa mana kwano inda rufi ke yoyo.
Wa ke cin shinkafa ya tofa wa tukunya yawu?

Bara, da sama ta kwana uku tana zuba,
motoci sun yi iyo a unguwar gilashi.
A kwalekwalena ta dawo, takalmi a hannu.
Ta ce, Baba, daga sama
tafkinka kamar madubin da ake ta gutsurewa.

Jiya mai farin takalmi ya zo da takarda,
ya ambaci kuɗin da sai da na nemi wurin zama.
Na ce, in kun binne nan, ina dattinku zai nufa?
Ya ce za a kafa injin tacewa.
Na ce, shi ma yana haihuwar kifi?
Ya duba agogo.

Ban sa hannu ba.
Ban kuma yaga ba,
tana nan a gwangwanin shayi.

Gobe ma zan ɗaga ƙyauren.
Ruwan da zai shigo,
har da na hawa na sha huɗu.