Jar Taswira

Kwana goma sha ɗaya ke nan
takardar na ƙarƙashin dutsen da nake wasa wuƙa,
don kada iskar Tawa ta yanke mini shawara.

An ce in zo baje kolin dukawa.
Jirgi kyauta, masauki kyauta,
tebur guda da sunana a kai: Attahir ɗan Illa, baduku.
Wadda ta rubuto, na san ta.
Shekarun baya nan ta zauna, kan wannan buzun,
ta sha fura har ta nemi ƙari,
ta ja ciniki kamar a kasuwar Badagishiri aka yanke mata cibi.
Ban riƙe ta da komai ba.

Amma ƙasarta ce mai jiragen.

Nomau ƙanena ya tafi arewa neman kuɗi,
gadin wani sito yake,
duk wata uku ya aiko jika arba'in da gaisuwa.
Daren da sama ta tsage a kansu
ba a tambayi ɗan wace ƙasa ke barci bakin ƙofa ba.
Rediyo ya ce an yi nasara.
Mu abin da ya iso mana
takalmi ne, wari ɗaya,
kuma ni na ɗinka shi.

Na kai maganar majalisar shayi, bakin tasha.
Kadri mai gyaran babur ya ce:
gwamnati daban, talaka daban,
mai tuya ƙosai a can bai taɓa ganin cikin bam ba.
Alka direba ya tsirtar da yawu:
kuɗin bizar da za ka biya,
ina ka san ba zai zama ƙusa a fiffiken jirgi ba?
Su da hannunsu suke zaɓen masu aiko wutar.
Wani tsoho daga baya ya ce, laifi tudu ne.
Bai ƙarasa ba.
Kowa ya duƙufa kallon kumfar kofinsa.

Akwai abin da ban faɗa musu ba.
Shekarar da baƙi suka daina zuwa,
an ce hukumominsu sun shafa wa taswirarmu ja,
daga Gaya har Bilma.
Ni na san ja.
Da karan dafi nake rina fata,
in ya hau, ba ya ware lafiyayyen wuri da mai tabo.
Aka shafe ni, aka shafe tsohuwata,
da yarinyar nan mai tallan cuku.
Jakunkuna suka yi shekara uku rataye, gara na lissafinsu.
Na ji zafin a yi mini kuɗin goro.
Yau ga tukunyar rinin a gabana,
ga ƙasarta shimfiɗe kamar fatar akuya.

Jiya na leƙa wurin Barira, matar Nomau.
Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.
Ta ce kuɗin lakwal na Sahiya bai cika ba.
Can, da na kai zaure, ta ƙara:
in ka je, ka tambayo mini
ko akwai wanda ya san sunansa.

Ban je ɗaukar hoton fasfo ba tukuna.
Sai dai bayan lisha na zaro fata mai kauri,
na auna da warin nan da ya dawo,
na yanka masa ɗan'uwa.
In tafiyar ta yiwu, zan jera su tsakiyar tebur,
tsoho da sabo, babu farashi.
Wanda ya ce nawa, in ce ya ja kujera.

In ba ta yiwu ba,
ɗan Nomau ya kusa cika su.

Motar Yamai na tashi kullum da asuba.
Daga shimfiɗata nake jin ƙahonta.